Numfashin da Bai Kai Ba

Shekara talatin da ɗoriya Evaristo Bonfiglio ya yi a kan kujera ɗaya, a tsakiyar ƙungiyar makaɗan birnin Rosario, bayan masu goge, gaban masu ƙaho. Obo yake busawa, siririyar algaitar nan ta baƙin katako, kuma shi ne na ɗaya. Kafin a fara kowane wasa shi ke ba da muryar da kowa zai daidaita abin kiɗansa da ita. Ya ga jagorori iri-iri sun zo sun wuce, masu tsawa da masu lallashi, har da wani da ya taɓa jifan mai tambura da takalmi. Duk ya bi sandarsu ya zauna lafiya.

Cikin sanyin watan Yuli aka kawo sabuwar jagora, Irupé Salaverry. Gajeruwar mace ce da ba ta wuce arba'in ba, mai magana ƙasa-ƙasa, wadda tun ranar farko ta san sunan kowa. Kiɗan da ta zaɓa ta buɗe da shi tsohon simfoni ne, dogon kiɗa mai kashi huɗu, na wani Bajamushe da ya mutu tun kafin kakan Evaristo ya hau jirgin ruwa daga Italiya. A kashi na biyu akwai wurin da kowa ke yin ƙasa da murya a bar obo shi kaɗai ya ja wata doguwar waƙa, ta hau a hankali har ta kai ƙololuwa ta sauko. Evaristo ya busa wurin nan sau ba adadi. A can ne ma matarsa Nélida ta fara ganinsa, tana budurwa, daga kujerun sama masu araha.

Bajamushen bai faɗi yawan saurin da yake so ba. Abin da ya rubuta a saman takardar kawai shi ne: a hankali, amma kada a tsaya. Jagororin da suka gabata duk sun ɗauke shi da takun mutumin da ya fito shan iska da yamma, ba ya sauri, ba ya jan ƙafa. Da wannan takun Evaristo ya saba, numfashi ɗaya yake kai waƙar har ƙololuwa, har da saura.

Ranar Litinin da safe aka fara gwaji. Kashi na farko ya tafi lami lafiya. Da aka zo na biyu, Irupé ta ɗaga 'yar sandarta ta sauke, sai Evaristo ya ga kamar hannun nata cikin ruwa yake tafiya. Masu goge suka shiga a daburce, wasu suka riga ta, ta tsayar da su.

"Kada ku ji tsoron jira," ta ce. "Ba wanda zai rufe mana ƙofa. A sake."

Aka sake. Wannan karon suka bi ta. Sai Evaristo ya ji wani abu da bai taɓa ji ba a duk shekarunsa a wurin. Ƙarƙashin manyan muryoyi, masu matsakaitan goge suna da wasu 'yan sautuka guda uku da suke maimaitawa, waɗanda a da suke wucewa kamar kurar mota. Yanzu da aka ba su fili sai suka zama kamar ajiyar zuciya. Tsikar jikinsa ta tashi. Har ya kusa manta da shigarsa.

Ya shiga. Sautin ya fito da kyau, mai ɗumi, irin wanda aka san shi da shi. Amma waƙar da ya saba gamawa kafin ya ji komai, yau ko rabi bai kai ba ƙirjinsa ya fara cika. Mai busa obo ba ƙarewar iska ke wahalar da shi ba. Ramin ɗan karan da yake sawa a baki ƙanƙane ne, iskar ba ta samun hanyar fita, sai ta zauna a ƙirji ta lalace, jini ya hau kai. Evaristo ya ji jijiyoyin wuyansa sun miƙe, gefen idonsa ya fara duhu. Saura kaɗan ya kai ƙololuwa ya saki karan, ya fitar da iska, ya ja sabuwa. Waƙar ta tsinke a tsakiya kamar zaren da aka ja da ƙarfi.

Irupé ta sauke hannu. Ba ta ɓata rai ba, ta kira shi da Don, laƙabin da ake girmama dattijo da shi.

"Don Evaristo, muryar nan taka, tun ina ɗaliba nake jin labarinta. Za mu iya kai ta har sama ba tare da an yanke ba?"

"Maestra," ya ce, yadda ake kiran jagora mace, "a da mukan ɗan fi haka tafiya."

"Na sani. Na saurari yadda kuke yi, kuma yana da daɗi." Ta ajiye sandar a kan takardunta. "In an yi shi da wancan takun, mutum ne yake yawo a bakin kogi yana tuna wata da ya so. Ni kuwa abin da nake ji, mutum ne da yake komawa gida, ya san abin da zai tarar a can, shi ya sa ƙafarsa ba ta son kai shi. Sautukan duk ɗaya ne, ban canza ko guda ba. Mu gwada kuma gobe."

Da aka tashi hutu, Evaristo ya zauna a matattakalar baya inda rana ke ɗan taɓawa. Anselmo Petrucci, mai busa fagot, doguwar algaita mai kaurin murya, wanda suka shigo ƙungiyar shekara ɗaya, ya biyo shi da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan mai ɗaci na ƙasarsu, da gorar ruwan zafi a hammata. Kowa Tumbi yake ce masa, shi kuma yana kiran Evaristo Siriri, sunan da ya dace da shi shekara ashirin da suka wuce.

"Siriri, na ga fuskarka ɗazu. Na ce a raina, shi ke nan, yau za mu yi jana'iza, ga kiɗan ma an riga an fara."

"Bar ni, Tumbi."

"Wannan takun nata, ai in ta ci gaba haka, kashi na biyu kaɗai sai mun yi bikin Kirsimeti a cikinsa. Karɓi, sha." Ya miƙa masa ƙoƙon. "Kai ma dai kamar yaro. Ka manta yadda ake yi? Da ka shiga, kai ne sarki. Ka ɗan tura, ka ɗan tura, dole ta biyo ka. Jagora nawa muka ja da hanci a ɗakin nan ba su sani ba?"

Evaristo ya zuƙi ɗacin ganyen ya mayar masa.

"Ka ji masu matsakaitan goge kuwa?"

Tumbi ya ƙara zuba ruwa a ƙoƙon. Can ya ce, "Na ji. Ni ba kurma ba ne."

Kashegari Evaristo ya yi yadda abokinsa ya ce. Yana shiga ya fara turawa. Irupé ta ɗago kai ta dube shi, ba ta yi gardama ba, ta tsayar da kowa.

"To, mu yi shi yadda Don Evaristo yake so, daga farko. Wataƙila ni ce na yi nisa."

Ta ɗaga sanda da tsohon takun. Komai ya zauna daram, kowa ya san hanyarsa. Evaristo ya kai ƙololuwa da numfashi ɗaya ya sauko, ba tangarɗa. Da aka gama ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya buga ƙafa a ƙasa yadda makaɗa ke yi in wani ya burge su. Kiɗan ya yi daɗi, amma bayan na jiya sai ya zama kamar hoton da aka rage masa girma. Ajiyar zuciyar nan ta masu goge ta koma kurar mota. Evaristo ya duƙar da kai yana goge obonsa da ƙyalle, ko da yake ba abin da ya same shi. Shi da kansa ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"A koma naki, Maestra."

Daga ranar ya shiga nema. Da ya dawo gida sai ya shige ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin, inda yake fiƙe karansa. Ya fiƙe wasu suka yi laushi don iska ta fi wucewa, sai muryar ta koma kamar ta agwagwa. Ya gwada shiga da rabin numfashi, ya ƙare tun kafin a je ko'ina. Akwai wata dabara da 'yan zamani suke koyo, mutum ya cika kumatu yana busawa da su, a lokaci guda yana jan iska ta hanci, sautin ba ya yankewa. Ludmila Quiroga, yarinyar da ke zaune a kujera ta biyu kusa da shi, tana yi kamar wasa. A zamaninsa malaminsa cewa yake wannan aikin masu wasa da maciji ne. Yanzu ga shi da furfura, zaune da kofin ruwa da tsinken shan lemo, yana hura kumfa yana ƙoƙarin shaƙar iska. Ruwan ya shige masa hanci, ya yi ta tari.

Nélida ta leƙo da ludayi a hannu.

"Tsoho, wanka kake yi ko kiɗa?"

"Aiki nake."

"Likita ya ce me game da hawan jininka?"

"Likita ba ya busa obo."

Ranar Laraba da la'asar Nélida tana yanka albasa tana zubawa a tukunya, ta ji waƙar ta fara daga ɗakin, a hankali, ta hau, ta hau. Ta tsaya da wuƙa a hannu tana saurare, don ita ma ba ta taɓa jin ta haka ba. Sai sautin ya yanke, ta ji ƙarar kujera. Ta same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya ɗaga obon sama da hannu biyu don kada ya bugu. Leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Wayyo Allah, Evaristo!"

"Ba komai. Jiri ne. Saura ƙiris na kai, Néli. Saura ƙiris."

Ta karɓi obon ta ajiye a kan tebur, ta zauna kusa da shi a kan sanyin simintin. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta riƙe hannunsa har bugun zuciyarsa ya lafa.

"Ka je ka gaya mata gaskiya," ta ce.

"In ce mata me? Ta lalata kiɗan saboda ƙirjina ya tsufa?"

"To ka ba yarinyar nan ta busa."

Albasar da ta bari a kan wuta ta fara ƙauri, ba wanda ya tashi.

Da safe kafin gwaji na ƙarshe ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin Irupé. Ya same ta tana cin burodi a tsaye, rigar sanyinta a kafaɗa. Ya yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya ce ko za a ɗan ƙara taku, ba kamar na da ba, ɗan kaɗan dai, yadda ba wanda zai lura.

"Na gwada a kaina," ta ce. "Akwai wani wuri da in an wuce shi, abin yakan koma yawon bakin kogi. Ba shi da tsaka-tsaki, ni dai ban samo ba." Ta buɗe takardun ta nuna masa da ɗan yatsa. "Amma ga wata hanya. Ludmila ta shigo a nan a ɓoye ta riƙe maka sauti biyu, ka numfasa, ka karɓa. Ana yi a ko'ina, ba abin kunya ba ne."

Suka gwada. Ludmila ta yi iya ƙoƙarinta, ta rage muryarta, ta kwaikwayi tasa, kunnuwanta sun yi ja don nauyin abin. Amma muryar obo kamar muryar mutum ce, ba ta ɓuya. Wurin haɗin ya fito fili kamar faci a kan sabuwar riga. Aka maimaita, aka sake maimaitawa. Irupé ta ce ya yi, za a iya tafiya da shi. Evaristo ya san ba haka take nufi ba.

"Don Evaristo, ko in ƙara yin ƙasa?" Ludmila ta raɗa masa.

"Ba laifinki ba ne, 'yata. Gobe kada ki shigo. Zan kai shi ni kaɗai."

"Amma..."

"Na ce zan kai."

Ranar Juma'a da yamma ɗakin wasan ya cika har kujerun sama. Nélida tana layi na biyar da rigarta mai ruwan toka. Kashi na farko ya wuce, mutane suka yi tarinsu suka gyara zama. Irupé ta jira har aka yi tsit, sannan ta sauke hannu a hankali. Masu goge suka shiga kamar an buɗe ƙofar ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Evaristo ya ga wata tsohuwa a layin gaba ta ɗora hannu a ƙirji. Ya jiƙa karan da leɓɓansa, ya fitar da iska, ya ja.

Ya ɗago ido don ya karɓi alamar shiga, idonsa ya haɗu da na Irupé. Ta dube shi, dubawar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Sai sandar ta ɗan ƙara sauri. Ba wanda ya lura a cikin masu kallo, amma makaɗa saba'in suka ji a jikinsu, suka bi. Kafin ya busa sauti na huɗu an koma tsohon takun.

Ya so ya ja baya, ya riƙe, ya nuna mata zai iya. Amma duk ƙungiyar ta riga ta tafi, wanda ya tsaya shi kaɗai shi ne zai ɓata. Ya bi. Waƙar ta hau ta kai ƙololuwa ta sauko sumul, da sauran numfashi a ƙirjinsa. Tsohuwar nan ta layin gaba ta sauke hannunta, ta jingina tana murmushi tana ɗan kaɗa kai.

Da aka gama aka yi ta tafi. Irupé ta nuna shi da hannu ya tashi shi kaɗai, tafin ya ƙaru, wani daga sama ya yi ihu da sunansa. Ya sunkuya yadda aka saba. Bakinsa ɗaci kawai yake.

Ya tare ta a lungun da ke bayan dandamali.

"Me ya sa, Maestra?"

Gumi ya jiƙa mata wuya. Ta yi kamar za ta ce ba ta gane ba, sai ta fasa.

"Na ga fuskarka. Na ji tsoro."

"Da kin bar ni."

"Da na bar ka, ka faɗi a gaban mutane fa? Matarka tana zaune a wurin." Ta share goshi da bayan hannu. "Ni na zaɓa, ba kai ba. Kuma sun ji daɗi, ai ka ji tafin."

"Ba su san abin da suka rasa ba."

"A'a, ba su sani ba," ta ce. Aka kira ta daga can, ta taɓa hannunsa ta wuce.

Tumbi ya same shi yana kwance obon yana sawa a akwati.

"Siriri, yau ka tashi kan 'yan mata! Har wata ta tambaye ni ko kana da aure, na ce mata kana da shi amma ya kusa ƙarewa." Ya jira dariya, ba ta zo ba. Ya zauna a kujerar kusa, ta yi ƙara. "Haba, mutumina. Shekara talatin muna yin sa haka, ba wanda ya mutu."

"A da ba mu san akwai wani ba," in ji Evaristo.

Akwai wasa na biyu ranar Lahadi da hantsi, wanda iyalai ke zuwa da yara kafin a tafi cin gasasshen nama. Evaristo ya iso da wuri. Ludmila ta shigo ta same shi zaune a kujerarta, ya riga ya musanya takardunsu. Ta tsaya riƙe da akwatinta.

"Don Evaristo, ba zan iya ba. Me mutane za su ce?"

"Zauna, ki ba su murya su daidaita. Lokaci yana tafiya."

"Ko sau ɗaya ban gwada shi da ƙungiya ba."

"Kin gwada a gida. Ina jin yatsunki suna bi duk lokacin da nake busawa. Zauna."

Irupé ta hau dandamali, ta ga yadda suke zaune, ta ɗan tsaya. Ya gyaɗa mata kai.

A kashi na biyu mai obo na biyu ba shi da abin busawa sai can kusa da ƙarshe. Evaristo ya ɗora obonsa a kan gwiwa. Irupé ta sauke hannu a hankali, har ya fi na ranar Litinin jinkiri, masu goge suka shiga. Ludmila ta fara. Muryarta ta fi tasa haske, ta fi sanyi. Kumatunta suka ɗan kumbura, ta ja iska ta hanci, waƙar ta ci gaba da hawa ba yankewa. Ɗakin ya yi shiru har yaran ma.

Ta kai ƙololuwa da ƙarfi, kamar mai kuka a fili. Evaristo ya runtse ido. Ba haka ba ne. A wannan takun, wurin nan ƙasa ya kamata a yi da murya, a taɓa sautin da ƙyar, kamar mai tura ƙofar da ba ya son ta buɗe. Ya ji yadda zai yi shi tun daga farko har ƙarshe, inda zai ɗan jinkirta, inda zai saki. Bai taɓa sanin waƙar nan kamar yadda ya san ta a wannan lokacin ba. Zai iya gaya wa yarinyar gobe, za ta saurara da ladabi, wataƙila ta kama wani abu a ciki nan da shekara goma. Ya buɗe ido ya ci gaba da ƙirga inda zai shigo. Da lokacin ya yi ya ɗaga obon ya busa 'yan sautukansa a ƙarƙashin nata.

Wannan karon tafin bai zo nan da nan ba. Mutane sun ɗan zauna tukuna kafin su tuna da hannuwansu.

Nélida tana jiransa a bakin ƙofar makaɗa. Rana ta fito amma iskar kogi tana da sanyi. Ta gyara masa mayafin wuyansa, suka nufi inda ake jiran bas.

"Yarinyar ta yi ƙoƙari," ta ce.

"Ta yi."

"Wata mata kusa da ni ta yi ta kuka. Na ba ta hankicina."

Bas ɗin ya daɗe bai zo ba, ranar Lahadi ce. Ta tambaye shi ko gobe akwai gwaji, ya ce akwai, ƙarfe tara. Ta tambaye shi a wace kujera zai zauna. Ya mayar da akwatin ɗaya hannun, ya leƙa titi ko motar na tafe, ya ce bai sani ba tukuna.